Jinkirin Bayanai a Kwamfutar Jirgin Ruwa da Ka Haɗa da Hannunka: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya zauna ya haɗa ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi da GPS da kamfas da na'urar AIS, mai nuna jiragen da ke kewaye, da hannunsa ya san daɗin ranar da ɗan hoton jirginsa ya fara bayyana a kan taswira. Murnar takan koma ciki ran da ya karya kwana, ya duba allo, ya ga hoton yana nan yana tafiya miƙe abinsa, sai bayan sakan uku ya waiwayo. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ba sa ƙarewa a bakin masu irin wannan haɗi. Abu ɗaya za ka ji ina ta nanatawa: yawancin jinkiri layi ne. A wani wuri bayanai sun fi ƙarfin ƙofar da za su bi, sun taru suna jiran juna.

Sakan biyu ne fa kawai. Har ya kai a ɗaga hankali?

Bari mu yi lissafi. Not ɗaya shi ne mil ɗaya na teku a awa, wato mita 1,852, ɗan sama da rabin mita a sakan. Jirgin da ke tafiya a not 6 yana cin mita 3 duk sakan, don haka jinkirin sakan 3 mita 9 ke nan, tsawon wani ƙaramin jirgin gaba ɗaya. Mai gudun not 25 kuwa, sakan 2 ya ishe shi ya wuce inda allo ke nuna shi da kusan mita 26. A tsakiyar teku wannan ba ya hana kowa barci. A ƙuntataccen mashigi mai duwatsu dama da hagu, cikin dare, zancen ya canza.

Sai dai ba kowane bayani ne ke da gaggawa ba. Zafin ruwa da cajin batir ko sun makara da minti ɗaya ba wanda zai sani. Zurfi da matsayin jirgi suna son zuwa cikin sakan guda. Wanda ba ya haƙuri ko kaɗan shi ne alƙiblar kamfas, musamman idan otofailot, wato na'urar da ke riƙe sitiyari da kanta, za ta yi aiki da ita. In labarin kamfas ya iso mata a makare, sai ta gyara karkatar da ta riga ta wuce, ta zarce, ta dawo, ta sake zarcewa, jirgi ya dinga tafiyar maciji a kan ruwa.

Ta yaya zan gane inda jinkirin yake kafin in fara sayen kaya?

Wannan ce tambayar da ya kamata ta zo farko, amma yawanci sai mutum ya sayi sabuwar rauta, wato na'urar raba Wi-Fi, da sabon katin ajiya sannan yake yin ta. Gani ya kori ji: auna.

Fara da lura da halin jinkirin, domin iri uku ne kuma kowanne da inda yake kwana. Akwai wanda ba ya canzawa, sakan biyu da safe, sakan biyu da yamma. Wannan galibi saiti ne: tacewa da aka kunna a wata na'ura, ko manhaja da ke sabunta allo sau ɗaya a sakan. Akwai wanda ke girma, in ka kunna komai daidai, bayan minti goma ya zama sakan biyar, bayan awa ya zama abin dariya, kuma da ka kashe ka kunna sai ya warke. Wannan layi ne ba ko shakka, ana zuba wa wata ƙofa abin da ya fi ƙarfinta. Na uku shi ne mai zuwa da komawa: lambobi su daskare na ɗan lokaci, sannan su zubo gaba ɗaya. Wannan ka fara zargin Wi-Fi, ko wutar Pi, ko katin ajiya.

Bayan haka ka bi bayanin daki-daki daga inda ya fito zuwa inda ya ƙare. GPS yana fitar da bayanansa a gajerun layukan rubutu da ake kira jimloli, kuma jimlar da ake kira RMC tana ɗauke da lokacin da aka auna matsayin, a agogon UTC. Idan agogon kwamfutarka daidai yake, sai ka buga `nc adireshin-Pi 10110 | ts '%.T'`, kowace jimla za ta fito da lokacin isowarta a gefe, ka gwama shi da wanda ke cikinta. Yi wannan a kan Pi ɗin kansa, sannan a kan laftof ta kebul, sannan ta Wi-Fi. Inda tazarar ta buɗe, nan ɓarawon yake. Ka tuna Pi 4 da waɗanda suka gabace shi ba su da agogon da ke riƙe lokaci in an kashe wuta, don haka sai ka tabbatar an saita shi ta intanet ko ta GPS da manhajar chrony, in ba haka ba awon naka ne zai yi ƙarya.

Akwai kuma hanyar da na fi so saboda ba ta buƙatar komai. Kwance na'urar kamfas ɗin, riƙe ta a hannu kusa da allo, wani ya ɗauki bidiyo da wayar hannu a yanayin tafiyar hawainiya, ka juya ta da sauri. Ƙirga hotuna daga lokacin da hannunka ya motsa zuwa lokacin da lambar allo ta motsa. In wayar tana ɗaukar hoto 240 a sakan, kowane hoto kusan milisakan 4 ne. Wannan awo ya haɗa komai, tun daga cikin kamfas har zuwa idonka.

An ce NMEA 0183 ce matsalar. Gaskiya ne?

Sau da yawa ita ce, amma ba don ta lalace ba, don dai mazurarinta ƙarami ne. Tsari ne na shekarun 1980 da na'urorin jirgi ke aika wa juna jimloli da shi ta waya, kuma gudunsa na asali bit 4,800 ne a sakan. Kowane harafi yana cin bit 10 in an haɗa da na buɗewa da na rufewa, saboda haka harafi 480 kacal ke wucewa a sakan. Jimla ɗaya tana iya kai harafi 82, wadda ita kaɗai za ta ci kusan milisakan 170 tana tafiya. Cikakkun jimloli shida ba sa ma shiga sakan guda.

Duba abin da ke faruwa a zahiri. GPS yana aiko RMC, harafi wajen 70, da GGA wajen 70, da GSA wajen 60, da GSV guda uku masu lissafa taurarin ɗan'adam da yake gani, wajen 210. An haura 400 ke nan tun ba a taɓa komai ba. Sai ka zo ka ƙara kamfas mai aiko HDG sau 10 a sakan, kowace wajen harafi 25. Yanzu kana zuba kusan 660 a ƙofar da ke ɗaukar 480. Rarar 180 ba ɓacewa take yi ba, layi take shiga. Bayan minti ɗaya, jimlar da ta iso sai ta jira fiye da sakan 20 kafin ta fita, in dai ma'ajiyar na'urar tana da girman riƙe su. In ƙarama ce, sai ta fara zubar da jimloli yadda ta ga dama, wataƙila ma ta zubar da wadda ka fi buƙata.

Na taɓa cin wannan wahala da kaina. Kwana biyu ina zargin rediyon VHF da cewa shi ke nuna matsayi na dā, har na ciro shi ina shirin mayarwa. Ashe ni ne na buɗe masa duk jimlolin da ke yawo a jirgi, har da na iska da na zurfi, a kan layin 4,800, alhali RMC kaɗai yake nema. Da na tace, a take ya dawo hayyacinsa.

Maganin ba wuya. A kowace ƙofar fita ka rubuta sunayen jimlolin da na'urar da ke can ƙarshe take buƙata, ka hana sauran. OpenCPN, manhajar nuna taswira, yana da wurin wannan tacewa a saitin kowane haɗi, kplex mai rarraba jimloli ma haka. GSV da GSA su ne na farko da za ka kora, ba wanda ke tuƙi da su. Inda na'urorin biyu suka yarda, ɗaga gudu zuwa 38,400, wanda shi ne AIS ke amfani da shi, ƙofar ta faɗaɗa sau takwas. Kada kuma ka taɓa juye abin da ya shigo ta 38,400 cikin layin 4,800 ba tare da tacewa ba. A tashar da jirage suka yi yawa, AIS kaɗai ya isa ya shaƙe shi.

In na ɗaga GPS zuwa sau 10 a sakan, ba shi ke nan ba?

Yawancin ƙananan GPS suna zuwa a saitin sau ɗaya a sakan, kuma da yawa daga cikin na kamfanin u-blox suna iya 5 ko 10. Ga jirgi mai gudu akwai amfani. Amma ka ninka adadin jimloli sau goma ke nan, in ba ka fara ɗaga gudun layin ka kuma rage jimloli ba, ka ƙara wa Borno dawaki ne. A ɗaga gudu tukuna, a bar RMC ta zo da sauri, sauran su tsaya a sau ɗaya. Ga jirgin filafilan iska mai not 5 ko 6, ni dai ban ga abin da 10 ke ƙarawa a kan 5 ba.

NMEA 2000 fa? Ita ma tana yin jinkiri?

Da wuya, in an shimfiɗa ta daidai. An gina ta a kan tsarin CAN na motoci, tana gudun bit 250,000 a sakan, kuma saƙo ɗaya yana wucewa cikin ɗan sama da rabin milisakan. Kowane saƙo yana da lambar fifiko daga 0 zuwa 7, in biyu suka yi karo mai ƙaramar lamba ke wucewa, ɗayan ya jira. Kowane irin saƙo kuma yana da lambar shaidarsa da ake kira PGN: alƙiblar kamfas, PGN 127250, tana zuwa sau 10 a sakan, haka matsayi na gaggawa, PGN 129025, haka iska, PGN 130306. Zurfi, PGN 128267, sau ɗaya.

In ka ga tana tangarɗa, duba wayoyi kafin manhaja. Babban layin yana buƙatar resista mai om 120 a kowane ƙarshe, guda biyu, ba ɗaya ba, ba uku ba. Kashe wutar layin, ɗora mita tsakanin farar waya da shuɗiya: ka ga om 60. In ka ga 120, ɗaya ta ɓace. In ka ga 40, akwai ta uku a ɓoye, kuma sau da yawa tana kan allon CAN da ka ɗora wa Pi, inda wani ɗan ƙaramin mahaɗi (jumper) ke kunna ta ba ka lura ba. Kowane reshe da ya fita daga babban layi kada ya wuce mita 6. Kuskuren wayoyi yana haifar da saƙonni masu lalacewa, tsarin ya yi ta maimaita su, kai kuma ka ɗauka jinkiri ne. Umarnin `ip -details -statistics link show can0` zai nuna maka ko adadin kurakurai yana hawa, `candump can0` kuma ya nuna maka abin da ke wucewa da idonka.

Inda jinkiri ya fi samun NMEA 2000 shi ne wajen fassara. Duk na'urar da ke juya ta zuwa 0183 ta mayar da kai ƙaramin mazurari. In Pi zai iya karanta CAN kai tsaye, bar shi ya karanta.

Kebul ko Wi-Fi?

Duk abin da ba ya motsi a jirgi, a ba shi kebul. A kan Ethernet `ping` tsakanin na'urori biyu yakan dawo ƙasa da milisakan ɗaya, kuma haka zai yi ta dawowa. A kan Wi-Fi zai iya zama 3 yanzu, 300 anjima, kuma wannan rashin tabbas ɗin ya fi jinkirin kansa ciwo. Ba kuma sai kebul mai tsada ba. Sigina tana cin mita ɗaya ta waya cikin kusan kashi biyar cikin biliyan na sakan, tsawon jirginka ba ya cikin lissafi. Abin da ke kashe kebul a ruwa tsatsa ce a bakin fulogi.

Ga kwamfutar hannu da wayoyi, waɗanda dole sai Wi-Fi, akwai abubuwa kaɗan masu amfani. Na farko yanayin tanadin wuta: rediyon yakan yi gyangyaɗi tsakanin saƙonni, a Linux ana kashe shi da `iw wlan0 set power_save off`, kuma sai ka sa ya dawwama, don yakan dawo bayan an sake kunna na'ura. Na biyu cunkoso. A matsayar jirage kowa da rautarsa, kuma a zangon 2.4 GHz tashoshi uku ne kawai ba sa shiga juna, 1 da 6 da 11. Zangon 5 GHz ba ya nisa, wanda a nan alheri ne, tun da na maƙwabta ma ba ya iso ka sosai. Pi ya fara samun 5 GHz daga 3B+. Na uku, kayan USB 3 suna fitar da hayaniya a daidai zangon 2.4 GHz, don haka faifan SSD da aka manna kusa da eriya zai iya zama shi ne mugun. In jikin jirgin ƙarfe ne ko alminiyam, rautar da ke can ƙasa a cikin akwati ba za ta kai wurin tuƙi da lafiya ba, sai an fito da ita inda take ganin taga.

Ƙaramin rediyon da ke jikin Pi yana iya zama mai raba Wi-Fi, kuma ga na'ura ɗaya ko biyu yana yi. In baƙi suka hau kowa ya haɗa wayarsa, ka ba wa ƙaramar rauta aikin.

TCP ko UDP? Kowa da abin da yake faɗa.

Hanyoyi biyu ne na aika bayanai tsakanin kwamfutoci, kuma kowanne da inda yake cizo. TCP ya yi rantsuwa ba zai yar da komai ba kuma ba zai sauya jeri ba. In ƙunshi ɗaya ya ɓace a iska, duk na bayansa sai su tsaya har a sake aiko shi, kuma a Linux mafi ƙarancin jiran sake aikawa milisakan 200 ne, yana ninkawa in aka sake rasa shi. Shi ya sa in ka je goshin jirgi da kwamfutar hannu ka dawo, sai ka ga hoton jirgi yana gudu yana bin tsohuwar hanya: tsofaffin matsayi ne ake juye maka ɗaya bayan ɗaya. Ga saƙon banki wannan riƙon amana ne. Ga mai tuƙi, matsayin sakan goma da suka wuce ba shi da amfani, har gara allo ya ce babu labari, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Akwai kuma dabarar John Nagle ta 1984, wadda ke tara ƙananan saƙonni a haɗa su a aika tare don kada a cika hanya da ƙwaya-ƙwaya. Jimlolin NMEA duk ƙwaya-ƙwaya ne. In ta haɗu da jinkirin amsa da ɗaya ɓangaren ke yi, wanda a Linux yakan kai milisakan 40, a tsofaffin Windows 200, sai saƙonni su dinga zuwa rukuni-rukuni. Mai rubuta tasa manhajar ya kunna TCP_NODELAY, wanda ke kashe wannan dabara.

UDP ba ruwansa da wanda ya ɓace, sabo yana tafe. Wannan ya dace da bayanan da ake maimaitawa kullum. Tarkonsa ɗaya ne: aikawa ga kowa da kowa a kan Wi-Fi. Irin wannan saƙo rauta takan aika shi a mafi ƙarancin gudu, ba ta jiran tabbacin isa, kuma in akwai ko da waya ɗaya da ke gyangyaɗi sai ta riƙe shi har zuwa sanarwar DTIM ta gaba, wato sanarwar da ke shaida wa masu gyangyaɗi cewa ga saƙo nan tafe. Sanarwar rauta tana fita duk milisakan 102.4, in an saita DTIM a 3, kusan kashi ɗaya cikin uku na sakan ke nan. Don haka ka ba kowace na'ura adireshi tsayayye, ka aika mata UDP kai tsaye da sunanta. A kan kebul kuwa, zaɓi wanda ka ga dama, ba za ka ji bambanci ba.

In kana son ganin layin TCP da idonka, buga `ss -tn` a kan Pi ka duba Send-Q. Lambar da ke hawa tana nufin wani can ba ya karɓa da sauri.

Ko dai Pi ɗin ne ya yi ƙarami?

Ga jimlolin NMEA kaɗai, a'a. Ko tsohon Pi ya fi ƙarfinsu nesa ba kusa ba. Abin da ke gajiyar da shi zanen taswira ne, da rada, da burauza mai shafuka goma a buɗe. Kafin ka yanke masa hukunci, buga `vcgencmd get_throttled`. In amsar `0x0` ce, lafiya. In wani abu ne daban, ko wuta ta yi ƙasa ko zafi ya yi yawa, kuma a duka biyun Pi yakan rage gudun kansa ba tare da ya yi maka sallama ba. Yana ƙorafin wuta da zarar ta sauka ƙasa da kusan volt 4.63, kuma yana fara ja da baya saboda zafi daga digiri 80. Pi 4 yana son volt 5 da amfiya 3, Pi 5 har amfiya 5. Cajar sigari da siririyar waya mai tsawon mita biyu ba za su riƙe wannan ba, musamman lokacin da injin jan anka ko famfo ya tashi. Nemi na'urar sauke wuta mai kyau daga 12 zuwa 5, gajeriyar waya mai kauri, da iska a akwatin.

Sai katin SD. In kana adana kowane awo a InfluxDB don zana shi a Grafana, katin yakan tsaya numfashi wajen rubutu, duk abin da ke jiransa ya tsaya tare da shi. Mayar da ajiyar kan SSD, ko ka rage yawan abin da ake rubutawa. Zafin ruwa sau ɗaya a minti ya wadatar. A OpenCPN kuma ka gwada kunna OpenGL, domin ɓangaren zane ya ɗauke wa ƙwaƙwalwa nauyi.

Adaftar USB tana ƙara wani abu?

Kaɗan. Masu ƙwayar FTDI suna jiran milisakan 16 kafin su miƙa abin da suka tara, ana iya mayar da shi 1 ta fayil ɗin `latency_timer`. Ga kamfas yana da ɗan amfani. In jinkirinka na sakan-sakan ne, ba nan yake ba.

Ina amfani da Signal K. Me zan duba?

Signal K saba ce, wato manhajar da ke tattara bayanan na'urorin jirgi ta raba wa masu buƙata. Da farko duba shafin farko na sabar, wanda kake buɗewa ta ƙofa ta 3000, yana nuna saƙo nawa ke shigowa a sakan daga kowane haɗi. Riƙe wannan lamba a ka. Ran da ta ninka ba ka ƙara na'ura ba, kana da zagaye: bayani ya fita ya dawo ya sake fita. Yadda ya fi faruwa shi ne Signal K ya ba OpenCPN ta ƙofa ta 10110, OpenCPN ya mayar masa don otofailot ya samu, ba a tace ba, shi kuma ya ɗauka sabon labari ne ya sake miƙawa. Haka za su yi ta jifan juna da jimla ɗaya har komai ya cushe. Abin da ya kamata ya dawo daga OpenCPN jimlolin hanya ne kawai, irin APB da RMB da XTE.

Na biyu, majiya biyu ga abu ɗaya. GPS na USB, da na cikin AIS, da na kan NMEA 2000, duk suna faɗin matsayi, kowa da ɗan bambancinsa da lokacinsa. Hoton jirgi sai ya dinga tsalle gaba da baya. Saitin fifita majiya yana nan don wannan: zaɓi ɗaya, sauran su zama 'yan jiran gado.

Na uku, ƙarin manhajoji. Sabar tana gudana a kan Node.js, kuma ƙari ɗaya mai nauyi zai iya riƙe sauran duka. Kashe su baki ɗaya, ka dinga kunna su ɗaya-ɗaya kana awo. Aiki ne mai gundura, amma ban san wanda ya fi shi kama mai laifi ba.

Tun da na haɗa rada da intanet komai ya yi nauyi.

Ruwa ba ya tsami banza. Rada da yawa suna watso hotonsu ta Ethernet ga duk mai sauraro, kuma in suwic ɗinka, wato akwatin da ke haɗa kebul-kebul, bai san raba irin wannan saƙo ba, zai tura shi har cikin Wi-Fi, inda zai fita a mafi ƙarancin gudu ya cinye filin. Ko ka kunna IGMP snooping, saitin da ke kai irin wannan saƙo ga wanda ya nema kaɗai, a suwic da rauta, ko ka ba rada ƙofarta ita kaɗai a kan kwamfutar da ke nuna ta. Kyamarori ma a kebul. Intanet kuwa, ko ta layin waya ko ta tauraron ɗan'adam, ba ta da hurumi a hanyar kayan tuƙi. In wani yana sauke bidiyo a kan Wi-Fi ɗin da kwamfutar hannunka ke kai, rabon iska kuke yi. Ware wa baƙi nasu zangon, misali su a 2.4, kayan tuƙi a 5.

Jiragen AIS suna makara a allona. Laifin haɗina ne?

Galibi a'a, haka tsarin yake. Babban jirgi mai na'urar aji A yana sanar da matsayinsa duk sakan 2 zuwa 10 gwargwadon gudunsa da juyinsa, in yana kan anka duk minti 3. Ƙaramin jirgi mai aji B na asali duk sakan 30 ne in ya wuce not 2, in bai kai ba minti 3. Suna da girman jirgi kuwa duk minti 6, shi ya sa kake fara ganin lamba kafin suna. Jirgin da ke gudun not 20 yana iya cin mita 300 tsakanin sanarwa biyu na aji B. Babu kebul ɗin da zai gyara wannan. AIS ɗin da ake gani ta manhajojin intanet ya fi haka makara, kada a dogara da shi wajen kauce wa karo.

Na auna komai, hanya lafiya, amma allurar iska da ta gudu suna kasala.

To tacewa ce. Kusan kowace na'urar awo tana da saitin da ke kwantar da lamba ta hanyar ɗaukar matsakaicin 'yan sakanni, don kada ta yi ta rawa da igiyar ruwa. Matsalar ita ce a tace a na'ura, a sake tacewa a saba, a kuma tace a allo. OpenCPN yana da nasa na alƙibla da gudu, da adadin sakan da kai za ka zaɓa. Tace sau ɗaya, a can ƙarshe wurin nuni, ka bar ɗanyen awo ya bi hanya.

Kada kuma a rikita alƙiblar kamfas da COG, wato alƙiblar da jirgi ke bi a zahiri a kan taswira. COG daga motsi GPS ke lissafa ta, dole ta biyo bayan juyi, kuma in jirgi yana tafiya a hankali sai ta yi ta yawo. In hoton jirginka da COG yake juyawa saboda babu kamfas a haɗin, kullum zai makara wajen kwana.

Zan iya bi da kamfas ta cikin Pi zuwa otofailot?

Za ka iya, amma ni ba na yi. Kamfas ya tafi wurin otofailot kai tsaye ta waya, Pi ya tsaya a gefe yana sauraro. Abin da kwamfuta za ta ba shi labarin hanya ne, inda aka nufa da yadda aka kauce daga layi, wanda sau ɗaya a sakan ya isa. Ta haka in Pi ya daskare, ko yana sabunta wani abu, ko wuta ta girgiza shi, jirgi yana riƙe da alƙiblarsa. Masu amfani da pypilot, manhajar otofailot, su ma na'urar jin motsin tana manne ne da kwamfutar da ke tuƙin, ba ta Wi-Fi take zuwa ba.

Sannan ka gwada abin da ke faruwa in bayani ya yanke, tun jirgi yana ɗaure, ba a fafe gora ranar tafiya. Zare wayar GPS, ka ƙirga sakan nawa kafin allo ya nuna cewa ya rasa matsayi. Yi haka da na zurfi, da na kamfas. Wasu shafukan nuni sukan riƙe lamba ta ƙarshe su yi shiru, mita 4.2 tana nan zaune a allo alhali wayar tana hannunka. Duk shafin da ya yi haka, ka nemo saitin ƙarewar wa'adi ka sa masa sakan 3 ko 5, in kuma ba shi da shi, cire shi daga wurin tuƙi.